Ƙodar Kawu Jatau

Ku da kuke ta cewa darasin zane ɓata lokacin yara ne, ku gyara zama in ba ku labarin kawuna da likitansa.

Kawu Jatau yayan mahaifiyata ne. Ya haura saba'in, kuma tun tasowarsa ba shi da sana'ar da ta wuce zanen ƙwarya. Idan ya ɗora ƙwarya a cinya ya ɗauki 'yar wuƙarsa, zai zagaye ta da layi ya dawo inda ya fara, ka duba ka rasa ina ne mahaɗin. Bara ciwon kwiɓi ya sa shi gaba har ya hana shi zaman rumfa. Aka ɗauki hoto, aka ce tsakuwa ce a ƙoda, ƙatuwa, sai an yi aiki. Ni aka ɗora wa raka shi asibiti, saboda likitan, Dakta Hashimu, ajinmu ɗaya a sakandare.

Hashimu dai Allah ya ba shi kai, a lissafi da kimiyya ba mai kama ƙafarsa. Amma ranar darasin zane sai ka neme shi ka rasa, wai aikin marasa abin yi ne. Ni nake zana masa aikin gida, shi kuma ya karkato mini takardarsa ranar jarrabawar lissafi. Haka muka gama makaranta, kowa riƙe da jahilcinsa.

Muka shiga ofishinsa, aka gaisa. Ya fara bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Kawu na ta gyaɗa kai, har likita ya miƙo takardar amincewa ya ce a sa hannu.

Kawu ya ce, "Likita, ladabi ne ya sa nake gyaɗa kai. Ban gane komai ba."

Hashimu ya ɗaga hoton da aka ɗauka ya saita shi da hasken taga. Kawu ya ƙura ido ya ce shi dai hadari yake gani, Allah ya sa a yi ruwan lafiya.

Sai likita ya ce, "To Baba, bari in zana maka." Ya jawo farar takarda, ya zare biro daga aljihu. Ni tun daga nan na san za a yi abin kunya, don na san hannun.

Ya yi 'yan kewaye-kewayensa ya tura wa Kawu. Kawu ya ɗauka, ya duba, ya juya ta sama a ƙasa, ya sake dubawa.

"Likita, wannan wace dabba ce?"

"Ba dabba ba ce, Baba. Ƙodarka ce."

"Ikon Allah. To wannan da ya zaro, baki ne ko wutsiya?"

"Hanyar fitsari ce."

"Wannan ƙwan fa da take shirin sakawa?"

"Tsakuwar ke nan."

Kawu ya dafa kwiɓinsa ya ce, "Yanzu tsakuwar ta fi ƙodar girma? To a ina take zaune?"

Hashimu ya karɓe takardar zai gyara. Ya soke nan, ya ƙara can, ya danna biro da ƙarfi har takardar ta huje. Kawu ya laluba sandarsa. Ya miƙe da ƙyar, ya ce mini, "Ɗanlami, tashi mu tafi gida."

Likita ya miƙe shi ma. "Haba Baba! Shekarata goma sha biyu ina wannan aiki. Zane ba fannina ba ne, ni wuƙa na iya."

"Ni ma wuƙar na iya, ɗan nan," in ji Kawu. "Kuma ban taɓa miƙa ta ga wanda bai iya jan layi da gawayi ba. Takarda idan ka huda ta, sai ka yago wata. Ni cikina guda ɗaya ne."

Abin dariya ne, amma wallahi ni ban yi ba. Hashimu ya riga ya gaya mini a gefe cewa idan aka ƙara ɓata lokaci ƙodar na iya mutuwa. Kuma na san halin Kawu, idan ya fita ƙofar nan ko da igiya ba mai dawo da shi, sai dai a koma jiƙe-jiƙe. Na tare ƙofa ina roƙonsa, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da zumunci. Ciwon ma ya taya ni roƙo, don a daidai lokacin ya murɗa masa, dole ya koma ya zauna.

Da ya lafa, sai ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni biron nan, da sabuwar takarda. Kai kuma ajiye Turanci, ka gaya mini da baki. Ƙodar irin ta rago ce?"

"Kusan haka take, Baba."

"Ta wane gefe ta lanƙwasa? Igiyar fitsarin daga tsakiya take fita ko daga gindi? Kaurinta ya kai tsinken tsintsiya ko ya kai karan dawa?"

Ka ga babban likita ya rufe ido yana tunano abin da ya sha riƙewa a hannu, yana ba da amsa kamar ɗan aji ɗaya. Kawu na tambaya yana ja. Kafin ka ce kwabo ga ƙoda kwance a takarda, ga igiyarta ta gangara, ga mafitsara, ga tsakuwa ta toshe maƙogwaron hanya. Har 'yar inuwa ya yi mata a gefe. Wata nas da ta shigo da fayil ta tsaya da baki buɗe, ta leƙa waje ta kira 'yar uwarta.

Hashimu ya jima yana kallo. Can ya ɗora yatsa a kan zanen ya ce, "To Baba, ta nan zan shiga, in kauce wa wannan, in ɗauke ta daga nan."

Kawu ya bi yatsan da ido har ƙarshe, ya ce, "Yauwa. Ashe ka san hanya, kwatance ne ba ka iya ba. Kawo takardar taka." Ya dangwala.

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Aka ciro tsakuwa kamar ƙwallon dabino, Kawu ya sa aka ƙulle masa ita a leda don ya nuna wa abokan rumfa. Zanen kuwa Hashimu ya sa aka yi masa gilashi ya rataye a ofis. Da bakinsa ya gaya mini cewa bayanin da a da yake cinye masa rabin awa, yanzu da yatsa ɗaya yake gama shi, kuma masu gudun a yi musu aiki sun ragu.

Bayan wata guda muka koma a duba wurin. Kawu ya murmure, har sandar ya bari a gida, amma ya taho da ɗan madubi a aljihu. Likita ya ɗage masa riga, ya danna nan ya danna can, ya ce komai ya warke sumul. Kawu ya fiddo madubin ya saita kwiɓinsa. Tabon ya taho a miƙe, da ya kai tsakiya ya karkace, ya sake dawowa, kamar fitsarin bijimi a kan hanya.

Kawu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Likita, aikin ciki ban gan shi ba, amma na ji daɗinsa, Allah ya yi albarka. Wannan layin fa? Ana korarka ne?"

Hashimu ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, tabo ne kawai. Riga za ta rufe shi, wa zai gani?"

Kawu ya sauke rigarsa, ya mayar da madubi aljihu, ya ce, "Masu yi mini wanka ranar da na mutu mana. Sai su ce ni na zana."