Bado da Tsinken Tsintsiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bado ya tona mini asiri ba.

Lokacin ina koyarwa a Gummi, sai na tono saiwar bado daga fadama, na dasa a tsohon kaskon siminti da ke tsakar gidanmu, na cika da laka da ruwa. Inna ta dube ni ta ce, "Mi kaka yi da bado cikin gida? Wanga ai abincin yunwa na." Na ce mata ado ne. Ta yi tsaki ta wuce.

Da ya fara fure, fari tas, sai bakina ya ƙi rufuwa a ofishin malamai. Gaskiya ba don kowa nake surutun ba sai don Malama Hafsatu, wadda na daɗe ina so amma ko gaisuwar kirki na kasa yi mata. Rannan ta ce ita da ƙawarta za su zo gaida Inna da la'asar, su ga lambun nawa (kasko ɗaya ne fa, ni na kira shi lambu).

Abin da ban yi tunani ba, furen nan da safe nake ganinsa a buɗe. Na dawo da azahar na tarar duk ya tsuke. Na yayyafa ruwa, na yi masa inuwa, har lallashi na yi. Ko gezau. Sai na ɗauko sabuwar tsintsiyar Inna, na kakkarya tsinkayen, na bi furannin ina tokare su ta ciki har suka wage.

Malama ta iso ita da ƙawarta. Ta ce, "Masha Allah, Malam!" Na ji kaina ya kumbura. Ta sunkuya za ta sansana, sai tsinke ya tsokane ta a hanci. Ta zaro shi, furen ya koma ya rufe a gabanta. Daidai nan Inna ta fito da guntun tsintsiya a hannu tana faɗa: "Wa yak kakkarye man tsintsiya?"

Malama ta miƙa mata tsinken, ta ce, "Ga ɗaya, Inna. Sauran suna aiki."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Washegari ko ɗalibai Malam Tsinke suke kira na, zancen soyayya kuwa ban sake samun bakin tayar da shi ba.

Badon yana nan har yau. Amma mai son ganinsa ya zo da safe, ya kuma bar ni in yi shiru.