Eriyar Kwamanda Armaya'u

Mani mahauci yana cikin datsa ƙashi a kasuwar Batsari aka zo aka ce masa Armaya'u mai gyaran rediyo ya rasu. Ya yi salati, ya ajiye gatari, ya nemi wuri ya zauna. Tare suka yi kiwon awaki suna yara. Yau ga shi ƙasar Katsina ta rasa babban kwamandan sojan ruwanta, gwarzon da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan kasuwa ba.

Shi ya naɗa kansa Kwamanda, kuma Allah ya sani ya sha wahalar sarautar. Da gwangwanin madara yake ƙera jiragen ruwan yaƙi, kowanne bai fi tafin hannu ba. Amma jirgi ba komai ba ne a wurinsa, eriya ita ce magana. Sai ya warware wayar tagulla daga cikin mataccen rediyo, ya zaro sili ɗaya mai kaurin gashi, ya ɗora tabarau a kan tabarau, ya kama matsefata. A wannan lokaci ko tari ba a yi a rumfarsa. Masu rediyo kuwa sai su yi ta sintiri, a ce musu Kwamanda yana bakin aiki.

"Ku mutanen tudu ba za ku gane ba," in ji shi. "Wannan 'yar eriyar da kuke rainawa tana jin maganar jiragen da ke tsakiyar teku. Ni kaɗai na san yadda ake saurare."

Haka ya yi ta faɗa a wurin mai shayi, har shekarar da aka katse layin waya saboda 'yan bindiga. Mutane suka fara tambayar juna: in eriyar nan tana jin teku, me zai hana ta jin dajin Ruma, maɓoyar ɓarayin? Ranar kasuwar Safana 'yan sa-kai suka tare shi a hanya, yana bayan babur ɗin Mani, rungume da jirgi a cikin kwali.

Shugabansu, wani Sagiru, ya juya jirgin ya ce, "Baba, abu ɗaya muke so. Wannan wayar tana aiki ko ba ta yi?"

Duk wanda ke wurin ya san abin da ake yi wa mai kai wa ɓarayi labari. Kalma ɗaya za ta sallame shi. Kwamanda ya gyara hula.

"Yaro, sirrin soja ba a faɗarsa a bakin titi."

Aka fara kwance igiyar da za a ɗaure shi. Mani ya faɗa tsakaninsu.

"Don Allah ku duba da kyau. Gam ne da gwangwani. Kayan wasan yara ne, wallahi ko zakaran maƙwabta ba ta ji. Rediyon kirki ma bai iya gyarawa ba, balle wannan."

Sagiru ya sa farce ya taɓa eriyar, ta lanƙwashe. Aka yi dariya, aka sake su. Daga ranar Kwamanda ya ƙaurace wa Mani, nama ma sai ya aika a sayo masa a wani teburin.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kwamanda, Mani ya je dubiya da romon ƙashi. Ya tarar da shi ya rame, jiragen suna jere a bakin taga. Armaya'u ya shanye romon tas kafin ya dube shi.

"Kai ne ka ce wasan yara, a gaban jama'a."

"Ni ne, Kwamanda. Da ban faɗa ba, wa zai sha mini romo?"

Armaya'u ya ajiye kwanon. Can ya yafito shi, ya rage murya.

"To, tsakanina da kai, ba ta kama komai. Amma kada ka bari mutanen Safana su ji."

Mani ya gyara masa mayafi.

"Kwanta ka huta, Kwamanda. Ai har matansu sun sani."