Rabin Mudun Kitse Don Hannun Ladan

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ba na jin magana har ƙarshenta. Iyatu, uwar Fure da sauran 'ya'yana, ta ce shekara ashirin da biyu ke nan ban taɓa barin ta ta kai aya ba. Ta ƙara da wata magana, amma lokacin na riga na kai zaure.

Ranar Talata ina layin mai, wuni na biyu, na jingina da babur, rediyo a kunne. Sai na ji wani likita yana bayanin cewa a Turai ana gwada zuƙo kitse daga tumbin mutum da allura, a tace shi, a ɗura shi ƙarƙashin tabon ƙuna. Wai akwai wasu ƙwayoyi a cikin kitsen da ake zaton suna sa fatar da ta ƙandare ta saki. Daidai nan layi ya motsa, na kashe rediyo na tura babur da zumuɗi. Ashe ba mai aka fara sayarwa ba, wani ne ya gaji ya tafi gida.

Nan take Ladan tela, maƙwabcina, ya faɗo mini a rai. Bara fitila ta fashe masa, kananzir ɗin da ya sayo ashe an gauraya shi da fetur. Rai ya tsira, amma tabo ya naɗe masa yatsu uku na hannun dama, almakashi ya gagare shi. Kekensa na nan a rufe da zanen gado, ga Sallah saura wata biyu.

Jama'a, ina neman gafarar manyanmu. Na daɗe a wannan fili ina cewa sun cinye kwaltar da aka yi wa ƙauye alkawari, sun kora da ruwan famfonmu. Ashe ba ci suke yi ba, ajiya suke mana. Kwaltar na nan, famfon na nan, duk an mayar da su magani an adana ƙarƙashin babbar riga, inda hannun ɓarawo ba ya kaiwa. Mu ne marasa hangen nesa.

Washegari na goya Ladan, ko in ce muka tura babur tare, zuwa gidan Mai Girma Garkuwan Masu Haƙuri. Muka zauna gindin mangwaro tun hantsi har aka kira azahar. Can sai ga tumbi ya fito, jim kaɗan mai shi ya biyo baya. Ladan ya matso kunnena.

"Malam Jinaidu, ko na bayan wuyan nan aka ba ni, ai na warke."

Na durƙusa na yi gaisuwa, na yi bayani irin na wanda ya yi karatu a Turai, na ce rabin mudu kacal muke roƙo, ko wandonsa ba zai san an taɓa ba. Mai Girma ya shafa cikinsa a hankali, yadda manomi ke shafa buhun dawa.

"Wannan ba nawa ba ne ni kaɗai," in ji shi. "Amanar jama'a ce."

Ya ce za a kafa kwamiti ya duba, kwamitin zai je Turai ya gani da idonsa, in ya dawo a yi bikin ƙaddamarwa. Ya ba mu kalanda mai hotonsa, ɗaya mu raba.

A hanyar gida muka haɗu da Sista Rachel, nas ɗin unguwarmu, ta taso daga aiki. Na ba ta labari ina hura hanci, har da shawarar a riƙa auna manya duk ƙarshen wata kamar rumbun gwamnati. Ta bar ni na gama, abin da ni ban taɓa yi wa kowa ba.

"Baban Fure, ka ji shirin nan har ƙarshe kuwa?"

Na ce na ji inda ya fi muhimmanci.

"Kitsen wani ba ya zama a jikin wani. Na mai tabon ake ɗiba a sa masa."

Muka juya mu biyu muka dubi Ladan. Ya ɗaga riga da hannun hagu. Bana kaɗai, sau uku yana ƙara wa bel ɗinsa huji da ƙusa.