Fayil Mai Suna Rahoton Taki

A ofishinmu na sashen noma, ni ne gwanin kwamfuta, har lambar sirri na raina. Na ɗauki bidiyon kaina a ɗaka ina gwada jawabin zama ciyaman, ni da ko kansila ban taɓa nema ba. Don in ɓoye shi, na sa masa suna "Rahoton Taki". Wa zai buɗe taki?

Ranar taron manoma a Kebbe, shugabanmu ya ari kwamfutata, ya haska "rahoton" a bango. Sai ga ni cikin babbar riga, ina ɗaga wa labule hannu: "Ya ku talakawana!"

Wani dattijo ya ce, "Ranka shi daɗe, to ina takin?"

Har yau in na ratsa tashar Tambuwal, 'yan kabu-kabu jiniya suke yi mini da baki.