Rasuwar Gwaggo, Motar Gado

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba shi da damar furtawa, Malam, malamin lissafi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, wadda gidan ke kira Gwaggo. Ta cika ranar Talata da azahar a tsakiyar hawan tudu, tana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Takan yi tari biyu da safe, ta yi gyaran murya, sannan ta tashi. Ita ta kai mahaifin Malam asibiti tafiyarsa ta ƙarshe. Kafin ya rasu, tsohon ya saita mata wuta da kunnensa, ya karce wurin da ƙusa a gindin distiributa, na'urar da ke raba wa inji wuta, ya yi wasiyya kada kowa ya gusar da ita daga wannan alama. Shekara sha tara ba wanda ya taɓa.

Ciwon ajalin ya fara ne ranar da surukin Malam, mahaifin matarsa, tsohon bakanike, ya zo gaisuwa ya ce motar ba ta da kuzari. Ya nemi sifana, ya murɗa wutar ta yi gaba. Malam yana tsaye yana kallon alamar mahaifinsa tana gocewa, amma wa zai ce wa suruki bari? Sai ma ya yi godiya.

Daga nan Gwaggo ta fara ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, allurar zafi tana hawa. Malam ya san ciwon, ya san maganin. Sau uku yana ɗaukar sifana yana ajiyewa, don surukin kan leƙo duk mako ya buɗe bonet ya yaba aikinsa. Ranar Talata lagireto ya tafasa, kan injin ya tsage, ta ja numfashi mai tururi, shi ke nan.

Ta bar tayoyi huɗu da safaya, da batir sabo, da rediyon da bai taɓa kama tasha fiye da ɗaya ba, da mai gida wanda kunya ta ci masa gadon uba.

Za a ɗauke ta ranar Asabar da hantsi zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Distiributar dai ba za ta bi gawa ba, tana cikin aljihun tebur. Ana karɓar gaisuwa a gareji. Surukin ya aiko cewa zai zo ya bayyana wa jama'a cewa tsufa ne ya kashe ta, kuma Malam ne da kansa zai ɗauko masa kujera.