Yadda Za Ka Ƙera Jirgin Yaƙi a Kan Teburin Cin Abinci

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka mallaki jirgin saman yaƙi naka na kanka, irin na da mai farfela a hanci, wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ba zai tashi ba, ba zai harbi kowa ba, amma har kujerar matuƙi za a gani a cikinsa. Ni ban taɓa ƙera ko ɗaya ba. Yayana ne ya ƙera a gabana, ina ba shi shawara yana ƙin ɗauka. Saboda haka ilimin duk yana nan wurina, sabo fil, ba a taɓa shi ba.

1. Ka fara yin ritaya

Mai zuwa aiki ba ya ƙera jirgi. Yaya ya shafe rayuwarsa yana akanta a wani kamfani. Da aka sallame shi da agogon bango da tafi, sai ya dawo gida ya zauna a kujerar da ke bakin taga. Da farko mun ce hutawa yake yi. Sai hutun ya ƙi ƙarewa. Ya daina aski, ya daina buɗe jarida, in an gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu. Matarsa, Malama, mai koyar da 'yan firamare, ta kai shi asibiti. Likita ya auna shi sama da ƙasa ya ce jikinsa ƙalau, abin yi ne ba shi da shi. Ta ja ni kicin ta ce tana tsoron wata rana ta dawo daga makaranta ta tarar kujerar ta haɗiye shi. Da dariya ta faɗa, amma dariyar ba ta kai zuci ba.

Kai ma ka zauna haka har a fara damuwa da kai. Mutumin da aka damu da shi, duk shirmen da ya ɗauko za a ce madalla.

2. Ka samo hoto, ka ƙi na kanti

Ana sayar da irin waɗannan jirage a kwali, gunduwa-gunduwa, mannawa kawai za ka yi. Kada ka kuskura. Wannan na masu wurin zuwa ne.

Yaya ya ga nasa a wata tsohuwar mujalla da aka naɗo kofuna a ciki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yana yaro irin wannan ya taɓa wucewa ta saman makarantarsu, har malamin lissafi ya bar alli ya riga ɗalibai fita. Washegari ya nemi rula. Tun da ya bar aiki bai nemi komai ba sai ranar. Malama ta kawo masa guda uku.

Ka nemo ainihin awon jirgin, ka raba komai gida arba'in da takwas. In lissafin ya ba ka wahala, ka daure fuska. Daure fuska rabin injiniyanci ne.

3. Ka ci teburin da yaƙi, amma a hankali

Kada ka nemi teburin gaba ɗaya. Ka ce ɗan gefe kawai kake so. Bayan nan gam zai buƙaci wurin bushewa, katako zai buƙaci wurin kwanciya a ƙarƙashin ƙamus, kwalaben fenti kuma ba sa son matsi. Kafin a ankara, mutanen gidan suna cin abinci da faranti a cinya, Malama kuwa, wadda a teburin take duba littattafan ɗalibai, ta koma teburin guga.

Daga nan ka kafa dokoki. Ba a kunna fanka, don tana kwashe ma'aunan matuƙi. Ba a shara, don abin da ake gani kamar ƙwayar shinkafa a ƙasa wataƙila birki ne. Mai atishawa ya fita waje.

4. Ka tara kayan aiki

Katako mara nauyi kaɗai za ka nema a wurin kafinta. Ka bar shi ya yi dariyarsa ya gama. Sauran kayan duk suna cikin gidanka, a hannun masu su. Maɓallan rigar sanyi tayoyi ne. Tsinken sakace bindiga ne. Gwangwanin madara farfela ne. Robar ruwa in ta ji zafi ta lanƙwasa, ita ce gilashin da ke rufe matuƙi. Matsefatar Malama, ƙaramin almakashinta da burushin da take shafa hoda, duk sun shiga soja ba tare da an tambaye su ba. In aka zo cigiya, ka ce kamar ka gan su a wani wuri. Ba ƙarya ka yi ba.

Ka kula da gam mai kamawa nan take. Yaya ya taɓa buɗe wa baƙo ƙofa da wutsiyar jirgi manne a babban yatsansa. Baƙon mutum ne mai kunya, sai ya kama wutsiyar suka gaisa.

5. Ka hana kowa wucewa

Jirgin da ba a yi bayaninsa ba, itace ne. Duk wanda ya taka falon, ka tare shi. Mai gyaran famfo ya zo aikin da bai kai ya kawo ba, ya tafi ya san dalilin da ya sa bakin fiffike yake da zagaye, famfon kuma yana nan yana ɗiga. Ni da na ce a sa masa batir ko zai tashi, Yaya ya cire tabarau ya dube ni kamar ba ciki ɗaya muka fito ba.

Malama ta riƙa kai mini ƙara cewa mutumin da ake roƙo ya yi magana yanzu ba ya barin kowa ya sa baki. Tana ƙarar tana yanka masa sanfefar goge katako ƙanana-ƙanana, daidai yadda yake so.

6. Ka tafka babban kuskure

Wannan matakin ba sai ka shirya shi ba, da kansa zai zo. Yaya ya yi watanni yana fafe fikafikai, yana gogewa, yana ɗiga musu ƙusoshi da bakin allura. Ranar haɗawa ya aske gemu, ya kira mu mu shaida. Ya ɗauki na hagu ya sa, ya zauna daram. Ya ɗauki ɗayan ya juya shi, ya sake juyawa. Shi ma na hagu ne.

Ba wanda ya yi dariya, har ni. Ya ajiye fiffiken, ya wanke hannu, ya koma kujerar bakin taga. Ranar bai ci abincin kirki ba. Kwanaki suka wuce bai ko kalli teburin ba, gemun ya fara dawowa. Na ba da shawarar a lallashe shi. Malama ma ba ta ɗauki shawarata ba. Wata rana ta dawo daga makaranta, ko jaka ba ta ajiye ba, ta ɗauko tsintsiya da kwandon shara ta tsaya a gaban teburin.

Ta ce, "Baban yara, tunda an fasa yaƙin, zan share teburina."

Bai ko juyo ba. Ta kai hannu ta ɗaga gangar jikin jirgin. Ban taɓa ganin Yaya ya tashi da sauri irin na ranar ba.

"Ajiye, ajiye. Ba a riƙe shi ta nan. Na dama kawai zan sake."

Daga baya ta gaya mini ba ta san abin da za ta yi ba in ya ce ta share.

7. Ka gama, in ka ga dama

Ka shafa kore da ruwan ƙasa a sama, shuɗi mai haske a ƙasan jirgin. In ya yi kyau sosai, ka ɓata shi da toka da ɗan baƙin fensir don ya yi kama da wanda ya sha wahala. Kada ka yi ƙoƙarin bayyana wa iyalinka wannan.

Da Yaya ya gama, aka ɗora jirgin a kan kabad, maƙwabta suka shigo suka yaba. Ya tattara kayansa a kwali, ya goge teburin da kansa, ya yi wa Malama godiya. Muka zauna muka ci abinci kamar mutane, fanka tana juyawa. Yaya ya gama ya zauna yana kallon hannayensa. Sai Malama ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da fiffiken hagun nan da ya yi saura, ta ajiye kusa da farantinsa.

Ta ce, "Wannan fa, haka zai zauna ba shi da jirgi?"

Ya ɗauka ya duba. Ya ce ai ba zai yi wa ƙaramin jirgi ba, amma akwai wani mai inji biyu da zai iya karɓarsa in an ɗan ƙara masa tsawo. Ya ce in miƙa hannu in kashe fanka.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk wani teburi da ya salwanta, ko yatsa da ya manne, ko riga da ta wayi gari ba maɓalli. Wanda ya bi matakan nan ya bi ne da hankalinsa, ko abin da ya rage masa. Wanda kuwa matarsa ta share teburin da gaske, kada ya zo ƙofata. Jirgi na yi alkawari, ban ce zan samo wa kowa Malama ba.