Ranar da Na Rufe Sabis a Samira

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na rufe sabis ba, ko na so mantawa ma maƙwabciyata Talatu ba za ta bari ba. Abin ya faru ne damina ta biyu bayan cutar nan da ta hana mutane zuwa Hajji, shekarar da katangarmu ta baya ta zube (akuyoyi sun tsira, turmina ne bai tsira ba), tun kafin a canza kuɗi. Rake ya fara cika kasuwar Makarfi, don ina tuna ɓawonsa a tsakar gida.

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar faɗa ba. Amma a unguwarmu in ana neman wadda ta iya adana abu, ƙofata ake zuwa. Daddawata tana zagayo shekara ba tsutsa. Kwanukan aurena suna nan jere a kabat, samiru da langogi, ko ɗaya bai ɓare a baki ba. Ɗakina kuwa ba a shiga sai na ce a shiga, makullin yana ƙulle a bakin zanena.

Jikata Hindatu, 'yar ɗana Sani, ta gama karatu a Zariya ta dawo gida tana neman aiki, har zaman ya fara cin ta. Tana da kwamfutar nan da ake rufewa kamar littafi, laftof. Ubanta ya sayo mata wata 'yar na'ura fara a Ikara, mai ƙahoni biyu da fitilu masu ƙyafta ido, wai ita ke raba sabis a gida, wayfay suke ce mata. Da yake batirin sola a ɗakina yake, a nan aka jona ta, aka ɗora a saman kabat. Abu ɗaya aka koya mini: in an ce kashe, in danna makunnin bango, in an ce kunna, in sake dannawa. Daga ranar na naɗa kaina sarauniyar sabis ta gidan.

Sai Allah ya kawo wani kamfani na Abuja ya ce zai yi mata intabiyu. Wai ba sai ta shiga mota ba, za su gan ta, ta gan su ta cikin laftof, da hantsi. In lokacinta ya wuce kuma ya wuce, akwai wasu a layi.

Ana gobe za a yi, da yamma ina tsintar shinkafa, sai na ji tana gaya wa ubanta:

"Baba, datar nan ba ta daɗewa. Maƙwabta ne ke sha mana. Dole a rufe wayfay ɗin nan kafin gobe."

Ya ce, "To, a rufe mana."

Raina ya sosu. Ashe abin nan shan sa ake yi, aka bar shi a buɗe a saman kabat? Nono ma ba a yi masa haka. Na ce a zuciyata, an yi karatu har Zariya amma ba a san rufe abin sha ba. (Ashe yarinya ta riga ta yi irin tasu rufewar, lambar sirri ta canza tana zaune a inda take. Wa ya gaya mini?)

Ina idar da sallar asuba na ɗauko babbar samirata mai furanni, wadda ko ranar suna ba na bayarwa aro. Na shimfiɗa tsumma mai tsabta a ciki, na kwantar da na'urar, na lanƙwashe mata ƙahoni, na kife ta da langa, na kawo murfi na rufe, wayar kawai na bari ta fito ta gefe. Na tura samirar can ƙasan kabat, na ɗora mata kwalla a kai, na kulle ɗaki. Ban gaya wa kowa ba. So nake in an dace in ce, to, ku tambayi wadda ta rufe.

Hantsi ya yi. Hindatu ta sa gogaggen hijabi, ta zauna a rumfa, ta buɗe laftof. Sai wani ɗan zobe ya fito a tsakiya yana juyawa, yana juyawa, kamar ana dama kunu ba a gama ba. Can fuskar wata mata mai tabarau ta bayyana, ta buɗe baki za ta yi magana, ta daskare a haka. In murya ta fito, sai ka ce daga cikin randa.

Yarinya ta kashe laftof ta kunna. Ta goge sunan wayfay ɗin ta sake sa lambar. Ta rufe duk abin da ke buɗe a ciki. Ta ɗauki laftof ta koma gindin darbejiya, ta dawo bakin rijiya. Ta gwada sabis ɗin wayarta, amma wannan a unguwarmu sai an hau kan buhu ake samun rabinsa.

"Iya, don Allah kashe ki kunna."

Na buɗe ɗaki na shiga ni kaɗai, na danna, na sake dannawa, na fito ina gyara ɗankwali kamar likita.

Mutanen Abuja suka rubuto cewa za su ga na bayanta, su dawo kanta a ƙarshe, in bai yiwu ba sai haƙuri. Na ga idon Hindatu ya ciko. Sani ya kira mutumin Ikara da ya sayar masa da na'urar, shi kuma ya ce a duba ko wani abu ya tare ta.

Sani ya juyo ya ce, "Iya, na'urar tana nan lafiya?"

Na ce, "Lafiyar da ba ta taɓa samu ba tun da aka ƙera ta."

Hindatu ta lura in ta matso ƙofata abin yana ɗan motsi, sai ta zauna a dokin ƙofa da laftof a cinya. Ni kuma na shiga lissafi. Na rufe abu ruf, amma yana raguwa. To, mai shan nan ba daga nesa yake ba. Kuma wa ke bayan bangon ɗakina in ba Talatu ba?

Talatu 'yar Kudan ce, tun muna amare muke maƙwabtaka, muna faɗa da safe mu ci tuwo tare da yamma. Na je jikin katanga na ɗaga murya.

"Talatu, ki ji tsoron Allah. Yau ɗaya dai ku ɗaga mana ƙafa, yarinya na neman aiki."

"Ke tsohuwar nan, me kuma na yi?"

"Sabis ɗinmu kuke sha."

"Da ludayi nake sha ko kafa kai nake yi?"

"Ke kika sani. Tun jiya na ga kin yi ƙiba."

Ban rufe baki ba sai ga ta ta zagayo da mayafi a kafaɗa, matan gidanta biyu na biye da ita. Ta ce, "Nuna mini abin da na sha. In na ga ya ragu, ni zan cika miki."

Da ina da wayo da na ce ta koma. Amma ni a lokacin gani nake ranar nuna gwaninta ta zo. Na kwance makulli, na ce kowa ya shigo, har Sani, har Hindatu da laftof ɗinta a buɗe. Na durƙusa na sauke kwalla, na jawo samira tsakiyar ɗaki, na ɗaga murfi, na ɗaga langa. Na'urar ta yi zafi kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Na ɗago ta sama, ƙahonin na miƙewa, na ce:

"Ga shi nan. Tun asuba yake a rufe, ko ƙuda bai taɓa ba. Hindatu, kin ce a rufe, na rufe."

Sani ya dubi samira, ya dube ni, ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa. Hindatu ta ce, "Iya..." sai ta dafe kai.

Sai wata murya ta fito tar, kamar mai maganar tana zaune a gadona, da Hausa kuwa:

"Yawwa Hindatu, yanzu muna ganinki sosai. Wace ce wannan mai murfin tukunya?"

Matar nan mai tabarau ce, ta warware, ga wasu maza biyu a gefenta, duk suna kallona. Na'ura a hannun dama, murfi a hagu, ɗankwali ya zame. Me zan yi? Baƙi ne, kuma a ɗakina. Na ce, "Sannunku da zuwa, ku shigo daga ciki." Sannan na kare fuskata da murfin.

Talatu ta zauna daɓas a ƙasa, dariya ta hana ta numfashi. Da ta samu kanta ta ce, "Ashe ke kika dafa shi. To, a zuba mana."

A bakin gadona Hindatu ta yi intabiyunta, jeren kwanukana a bayanta, mu kuma aka kora mu waje muna leƙe ta taga. Ta ce sun tambaye ta me ya faru, ta gaya musu gaskiya tiryan-tiryan, har da langa. Bayan ɗan lokaci suka kira ta aiki. Na so in ce albarkar samirata ce, amma na duba ban ga fuskar da za ta karɓi maganar ba.

Abin da na koya shi ne, kalmar da ban sani ba ba ta da haɗari, don tambaya nake yi. Wadda na sani tun ina yarinya ita ce abin tsoro in ta fito daga bakin jika. Yanzu ko ruwa aka ce in rufe, sai na ce, irin tawa rufewar ko irin taku?

Na'urar ta daɗe da mutuwa, an sayo wata, an kafa ta can saman rumfa inda hannuna ba ya kai. Mutumin Ikara an ce ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Sani yana nan, furfura ta kama shi. Hindatu tana Abuja da 'ya'yanta. Samira tana nan a kabat, ko tabo babu. Talatu ma tana nan, haƙora sun tafi amma bakin bai tafi ba. Har yau in ta ga na yi baƙi, sai ta leƙo ta katanga da moɗa a hannu ta ce, "In akwai sauran na jiya, a sam mini in kurɓa."